Ni Ne "Wani Mai Walda" da Ya Kwashe Tagogin Tsohon Asibiti

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Farfaɗo da Tsohon Ɗakin Taro na garinmu, da Malam Sakatare, da sauran 'yan kwamiti, da duk ɗan garinmu da takardar nan ta iske, a gida yake ko a Azare ko a Katagum.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata Yallaɓai yana nan lafiya, da iyali, da gwiwar nan da aka ce tana damunka idan hadari ya haɗo. Ina gajiya, ina aiki, yaya kuma haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara girma.

Yallaɓai, ka san ni na san ka. Benci ɗaya muka zauna a firamare, kai kana gefen taga ni ina gefen bulala. Kai Babarbare ne ni Bafulatani, akwai wasa a tsakaninmu tun kakanni, saboda haka idan ka ji na ɗan taɓa ka a cikin wannan takarda, ka san hakkina nake karɓa. Amma tunda rahoton kwamitinka ya nuna kamar ba a san ni ba, bari in fara da gabatar da kaina.

Ni ne wanda ya bar garinmu a bayan motar gyaɗa, da riga ɗaya da tabarma, bayan karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, mahaifina ne ya rasu. Ba wanda ya ba ni wasiƙa in kai wa wani a Azare. Walda da ido na koye ta, ina tsaye a bakin shagon mutane har suka gaji da korata. Injina na farko ni na naɗa shi da hannuna, da tsohuwar waya da na saya wurin 'yan gwangwan, kuma har yau yana aiki, sai dai yana gurnani. Na yi ƙofofin gidaje daga Azare har Dambam. Na gyara garmar shanu ga manoman Hardawa wadda wani ya ce sai dai a yar. Na yi wa masunta a Katagum facin abin da ba a taɓa tsammanin zai sake taɓa ruwa ba. Na gina gidana ɗaki bayan ɗaki. Na sauke farali da gumina, ba kujerar kowa ba, na kuma kai mahaifiyata kafin Allah ya karɓi abarsa. Waɗanda suka koyi aiki a hannuna yau magidanta ne masu shagunan kansu. 'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce. Ban taɓa bin motar ɗan siyasa da gudu ba, ban taɓa zaman jiran kwangila a barandar ofis ba.

Wannan mutumin ne rahotonku, wanda aka karanta a taron ƙungiyar garinmu washegarin ƙaramar Sallah aka kuma watsa shi a wayoyin jama'a, ya ambata a shafi na uku da cewa an gano tagogi goma sha ɗaya da babbar ƙofar ginin "a hannun wani mai walda a Azare", kuma za a ɗauki matakin ƙwato su.

Abu biyu suka dame ni a wannan layi. Na farko, an sa ni a sakin layi ɗaya da ɓarayi. Na biyu, an ce mini "wani". Na kwana biyu ina auna wanda ya fi zafi, har yanzu ban gama ba. Ga bayanina daki-daki.

Na ɗaya: abin da ginin nan yake a wurina.

Yaran yanzu sun san shi da kango a bakin hanyar Katagum, inda awaki ke fakewa. Mu mun san shi asibiti. Ɗakuna huɗu da baranda, da bishiyar maina a gaba inda mata ke zama da katin awo. A ɗaki na biyu ta gabas aka haife ni. Inna ta ce ta kwana biyu tana naƙuda a gida, aka ɗauko ta a amalanke, ungozomar asibitin ta buɗe taga don iska ta shigo, ni kuma sai na fito kamar dama tagar nake jira. Har ta rasu, duk lokacin da muka wuce ta wurin sai ta nuna mini ta ce, "Buba, ga ƙofar da ka shigo duniya ta gefenta." A nan aka yi mini lamba a dantse, a nan aka ɗinke maka goshi, Yallaɓai, ranar da ka faɗo daga kan jakin da ba naka ba.

Da aka gina sabon asibiti a wani wuri, sai aka fasa bangon tsakiya aka mayar da ginin ɗakin taro. A nan iyayenmu suka yi yaƙi da jahilci. A nan ake rabon taki, a nan ake jefa ƙuri'a, a nan ake sulhu tsakanin manoma da makiyaya idan shanu sun yi ɓarna. Ba wanda ya kai shekara arba'in a garinmu da zai ce bai taɓa zama a ciki ba.

Na biyu: yadda aka cinye shi.

Rahotonku ya ce "ɓata-gari daga waje" ne suka lalata ginin. Yallaɓai, mu ji tsoron Allah. Iska ce ta fara, gaskiya ne, ta yaye kwano uku a farkon wata damina. Aka ce za a zauna a kai. Kafin a zauna, kwano uku sun zama goma, kuma iskar da ta ɗauki sauran tana da guduma da tsani. Katakon rufi ya bi. Bencina suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce aro ya yi na suna ko na ɗaurin aure, kuma jariran da aka raɗa wa suna a kansu yau suna sakandare. Tankin ruwa ya yi tafiya. Tsofaffin gadajen ƙarfe na asibiti da aka tara a ɗakin ajiya, na ga ragar ɗaya da idona a kan tukubar mai tsire, kuma ba zan ɓoye ba, na ci tsiren, ya gasu. Sikelin da aka auna ni da kai ranar da aka haife mu, na gan shi a bakin kogi a Katagum ana auna kifi da shi. Na tsaya na gaishe shi.

Yanzu ciki jemagu ne da kashin awaki. Wani ya cika kusurwa ɗaya da harawa. An ƙona shara a tsakar ɗakin haihuwa har bango ya yi baƙi. An fara zare bulo daga bakin tagogi. Bangon kuwa ya cika da sunaye da gawayi, kowane saurayi ya rubuta nasa da na wadda yake so, wasu har sun rabu sunan yana nan. Duk wannan da rana tsaka aka yi shi, a gaban kowa, ana wucewa ana cewa Allah ya kyauta. Ba baƙo ko ɗaya a ciki. Mu ne.

Na uku: yadda tagogin suka zo hannuna.

Damina tara ke nan. Na zo gida ranar Juma'a, na iske an fara tono ƙafar tagar ɗakin da aka haife ni, an karya sakata, saura kaɗan ta fita. Wanda ya fara aikin ya tafi cin abinci ne ko salla, ban sani ba, amma ya bar ƙarfensa a wurin. Tagogin ginin goma sha biyu ne, ɗaya ta riga ta tafi tun kafin ranar.

Bayan an sauko daga masallaci na tare marigayi Mai Unguwa a gaban jama'a na gaya masa. Ya ce shi ba shi da mai gadi ba shi da kwaɗo. Ya ce, "Buba, kai ne mai ƙarfe. Ka cire su ka adana. Ranar da gari ya yi hankali ka mayar. Allah ya yi maka albarka." Mutanen da suka ji wannan magana da yawansu suna nan da rai. Abin da ya sa ba su buɗe baki a taronku ba, kwanon ɗakin taro yana kan madafar wasunsu, ba sa son a tayar da zancen wa ya ɗauki me. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Idan sun ɗaga kai suna cin tuwo za su tuna.

Asabar da Lahadi na yi ina cirewa, tagogin da babbar ƙofar, da rana, ina zufa, mutane suna tsaye suna ba ni shawara. Wanda ya kwaso su zuwa Azare a motarsa ta a-kori-kura shi ne Oga Sande, maƙwabcina mai sayar da rodi da kwano, mutumin kudu ne amma ya fi shekara talatin a Azare, Fulatancinsa ya fi naka, Yallaɓai. Muna ɗaure kaya ya ce mini, "Alhaji, ka sa Mai Unguwa ya rubuta maka takarda ya sa hannu. Mu a wurinmu ko akuya ka ajiye wa mutum sai da takarda." Na yi masa dariya. Na ce a garinmu bakin Mai Unguwa shi ne takarda, kuma neman sa hannu bayan dattijo ya sa maka albarka rashin kunya ne. To, Mai Unguwa ya rasu da takardarsa a baki. Tun ranar da rahotonku ya fito, kullum da safe Oga Sande zai leƙo shagona ya ce, "Alhaji, ina kwana, ina takarda?" Wannan kuskurena ne, na ɗauka. Amma kuskure daban, sata daban.

Ku zo ku ga yadda ɓarawo yake ajiye kayan sata. Suna ɗakin da na gina don baƙi, jere a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Kowace kaka ina fito da su tsakar gida in kankare tsatsa in shafa musu baƙin mai. Uwargidana Hajiya ta yi shekara tara tana neman ɗakinta. Ta ce ƙanwarta ta zo daga Dambam ta kwana a falo, ƙarfe kuma yana kwance a ɗaki da labule. Ta taɓa shanya kuɓewa a kan taga mai lamba shida, muka yi kwana biyu ana gaisuwa a taƙaice. 'Yan gwangwan sun zo har sau nawa suna taya su, domin ƙarfen da ne mai nauyi wanda ba a yin irinsa yanzu. Da sayarwa nake so, da yanzu sun zama tukwane a gidajen mutane, kuma da rahotonku bai sami abin ganowa ba.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ce sai na rubuta: lambobin da kuka goge.

Yallaɓai, kai mai digiri ne, amma akwai abin da ba ya cikin takarda. Tagogin nan ba na kamfani ba ne. Maƙera ne suka ƙera su, babu walda ko ɗigo ɗaya, ƙusa ce ake dakawa tana zafi. Magina kuma na wancan lokaci ba su da tef, da kamu suke awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Dattawa sun ba ni labari cewa magina biyu suka yi ginin, ɗaya dogo ɗaya gajere, kowa da bangonsa kowa da hannunsa. Saboda haka babu rami biyu da suka zo daidai. Maƙerin sai ya bi kowane rami ya yi masa tagarsa, da ƙafafun da za su shiga bango a inda ya dace da ita kaɗai. Idan ka kai tagar dogo ramin gajere ba za ta shiga ba. Idan ka kai ta gajere ramin dogo, akuya za ta wuce ta gefe.

Da na gane haka, duk tagar da na cire sai in rubuta mata lamba da jan fenti a jikinta, in rubuta irin lambar a bango a saman raminta, babba yadda makaho zai shafa ya ji. Ban bi su a jere ba. Wadda ta fi kusa da sacewa ita nake fara cirewa. Ta ɗakin haihuwata ita ce lamba ɗaya, kusa da ita bakwai, sai uku, haka nan dai. Shekara tara lambobin nan suna bango. Ruwa bai wanke su ba. Masu rubutun gawayi ma sun kewaye su, ba su taɓa ba.

Sai kwamitinku ya ji labarin babban baƙo zai wuce ta hanyar, aka ce a gyara fuskar ginin don ya gani ya tausaya. Ni a sanina kango ake nuna wa wanda ake so ya tausaya, amma ku kun fi ni karatu. Malam Sakatare ya zo ya ga ɗaya kusa da bakwai kusa da uku, ya ce wannan ɓarnar yara ce marasa lissafi. Da farar ƙasa kawai aka shafa, da na zo na wanke na ga abina. A'a. Malam Sakatare mutum ne mai son aiki ya yi kyau. Ya sa aka kawo burushin ƙarfe aka kankare jan fentin har ƙasa, aka yi yaɓen siminti, sannan aka shafa fari. Tun da aka kafa kwamitin nan ban ga aikin da aka yi da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Ina yaba masa.

Gefe uku aka yi wa haka. Bayan ginin aka bari, domin baƙo ba zai zagaya baya ba. Albarkacin wannan, lamba biyar da lamba goma suna nan. Baƙon kuwa, an ce ya wuce, ya sauke gilashi rabi, ya ɗaga hannu.

Na san abin da Malam Sakatare zai ce: a ɗauki tef a auna ramukan a gane. Da shekara tara da suka wuce ne, da haka ne. Yanzu an zare bulo daga bakin kowane rami, ruwa ya ci sauran, ramin gajere ya yi faɗin na dogo. Tef ba zai gaya maka komai ba. Ko kuma a ce a riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya har a dace. Kowace taga sai ƙarti huɗu, bangon kuma ya tsufa, duk gwaji ɗaya sai ya zubar da wani abu. Kafin ku dace da ta uku babu bangon da za a kafa ta huɗu.

Saboda haka taswirar tagogi tara tana wuri ɗaya tak a duniya, cikin kan wani mai walda a Azare. Kuma zan faɗi abin da ban gaya wa ko Hajiya ba. Bara idan na rufe ido ina ganin su duka, kowace a raminta. Bana da na zauna na jera su, shida suka zo mini ba gardama. Uku na bangon arewa, wato biyu da takwas da tara, sun fara yi mini musanye. Shekara arba'in ina kallon wutar walda, ido ya ragu, kai ma ya fara ajiye wasu abubuwa inda ba na samu. Ina ganin idan na tsaya a gaban bangon da kaina, na taɓa shi, na tuna inda na kafa tsani da inda rana take dukana, za su dawo. Amma ba zan iya zuwa in tsaya a gaban bangon nan ina shafa shi ba alhali gari yana kallona a matsayin wanda ya yashe shi.

Na biyar: abin da kalmar nan ta jawo mini.

Kun ce ba ku ambaci suna ba don ku rufa asiri. Yallaɓai, 'yan garinmu nawa ne suke walda a Azare? Ni kaɗai ne. Da kun rubuta sunana, da na tashi a taron na amsa. Da kuka ce "wani", kowa ya san ni ne, ni kuma ba ni da bakin magana, domin ba a kira ni ba.

Wasan majalisa ba ya damuna. Abokaina yanzu idan na zo zama sai wani ya ce a riƙe tagogi ga Alhaji nan. Mai shayi ya tambaye ni ko in duba masa ƙofar shagonsa ko kuwa ya bar ta inda take. Ina dariya, ni ma ina yi wa wasu. Amma akwai wadda ba wasa ba. Wata Hajiya a unguwarmu ta kawo mini ƙofar gidan marigayi mijinta in gyara. Kwana uku da fitar rahoton ta aiko aka ɗauke ta, ba a gama ba, ta ce wai ta fasa gyaran. Na ga ƙofar a shagon wani. Sana'armu, Yallaɓai, mutum yana kawo maka ƙarfensa ya tafi ya bar shi mako biyu. Ba injin ne jarina ba, wannan tafiyar da yake yi hankalinsa kwance ita ce jarina. 'Yata kuma ta kira ni daga wurin aiki, ta daɗe tana gaisuwa, sannan ta ce, "Baba, wai me ake cewa a waya?" Na yi shekara sittin da wani abu ban taɓa yi wa ɗiyata bayanin cewa ni ba ɓarawo ba ne sai ranar.

Na shida, a taƙaice. Na ji ana cewa idan an ƙwato tagogin za a sayar wa 'yan gwangwan a sa na alminiyam masu gilashi, irin na zamani. Ni mai sana'a ne, ina yin na alminiyam ɗin ma, ba na ƙin su. Amma ginin da ba shi da rufi ba shi da mai gadi, alminiyam ba zai kai Juma'a biyu ba, gilashin kuma yara suna da danƙo. Waɗannan na ƙarfe sun ga haihuwata sun ga furfurata. Idan za a sayar da su a narka, to abin da ɓarawon farko ya so yi ke nan, sai dai shi bai kafa kwamiti ba.

Ga buƙatuna.

A fara da rufi da bakin ramuka. Kada a sake shafa wa komai fari sai an rufe sama. Waɗanda kwanon yake kan madafarsu, a ba su hanya su kawo madadinsa ba tare da an tambaye su komai ba, a ce gudummawa ce. Za ku sha mamakin yawan masu gudummawa.

A nemi mai gadi daga cikin gari, dattijo mai 'ya'ya da yawa, wanda ake jin kunyarsa.

Kada a turo mota gidana da sunan ƙwato kaya. Ba abin ƙwatowa. Ranar da bango ya shirya, ni zan kawo su da kaina, Oga Sande ya ce motarsa tana nan kuma wannan karon shi zai rubuta takardar. Ni zan kafa su, kowace a raminta, ba na neman ladan aiki. Lamba ɗaya ita zan kafa a ƙarshe, in buɗe ta in rufe, in ji ƙararta. Amma a yi sauri. Na gaya muku halin da bangon arewa yake ciki a kaina.

Kafin duk wannan, Yallaɓai, ka zo Azare da kanka, kai da Malam Sakatare, ku shiga ɗakin ku gani. Hajiya za ta dama fura, ta ce duk wanda zai raba ta da ƙarfen nan babban baƙonta ne.

Buƙata ta ƙarshe ita ce babba, kuma sauran duk suna rataye a kanta. A gyara shafi na uku. A karanta gyaran a taron ƙungiya, da murya irin wadda aka karanta na farko, a watsa shi a wayoyin da aka watsa na farko. A cire "an gano", domin abin da ba a ɓoye ba ba a gano shi. A cire "ƙwato". A cire "wani". A rubuta cewa tagogi goma sha ɗaya da ƙofa ɗaya suna ajiye damina tara, da izinin marigayi Mai Unguwa, a hannun Alhaji Buba Ɗanladi Mai Walda, wanda aka haifa a ɗaki na biyu ta gabas.

Ba allon marmara nake nema ba, wannan ma ɓallewa za a yi. Kuma kada wani ya ce ai ina da inji, in rubuta sunana a jikin ƙofar mana. Zan iya, cikin minti biyar, da rubutun da ba burushin da zai kankare shi. Amma bangon nan ya riga ya cika da sunayen waɗanda suka rubuta da hannunsu, kuma kun ga abin da kuka kira su: ɓata-gari. Nawa ku nake so ku rubuta, a littafin ƙungiya, da hannun Malam Sakatare, tunda na shaida idan ya sa hannu a abu ba ya barinsa rabi.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai, ya ba gwiwa lafiya, ya sa a gama wannan aiki a hannunka. Allah ya jiƙan Mai Unguwa da Inna da maginan nan biyu, dogon da gajeren, da maƙerin da ya bi su yana gyara musu awo bai bar ko sunansa ba. Nasa ya ɓace. Nawa ina raye, ina kallo, kuma na iya karatu.

Wassalam.

Naku,
Alhaji Buba Ɗanladi Mai Walda, Azare.
A rubuta shi haka, cikakke, kada a gajarta.